Yadda ake shirya fitar daji ta yini guda da motoci masu ja da taya huɗu

Fitar daji da masu Hilux da Land Cruiser da Prado da Pajero kan haɗu su yi a ƙarshen mako tana yin daɗi ne idan duk motar da ta fita da safe ta dawo da ƙafarta kafin magariba. Abubuwa uku suka fi hana hakan: iskar taya da ba a rage ba, gaggawa, da jan motar da ta kafe da kayan da ba na aikin ba. Ƙarfin inji yana can baya a lissafi. Ga yadda ake tsara tafiyar, tun daga zaɓen hanya har zuwa wankin mota.

Wuri da lokaci

A fara da maganar tsaro. Dazuzzukan da 'yan bindiga suka yi wa ƙaƙa-gida a Zamfara da Katsina da yankin Birnin Gwari ba wurin shan iska ba ne, kome kyawunsu. Ko a inda ake zaune lafiya, a je wurin dagaci ko hakimin yankin da ofishin 'yan sanda mafi kusa 'yan kwanaki kafin tafiya, a faɗi yawan motoci da hanyar da za a bi da lokacin dawowa, sannan a sake kira a daren da za a tashi. Jerin baƙin motoci masu duhun gilashi da suka ɓullo wa ƙauye ba sanarwa suna tayar da hankalin mutane, har 'yan sintiri su tare hanya.

Ga ƙungiyar da ba ta taɓa fita ba, Yankari a jihar Bauchi wuri ne mai kyau na farawa. Daga titin Bauchi zuwa Gombe ana karya kwana a Dindima, a yi kamar kilomita 29 zuwa babbar ƙofa a Mainamaji, daga nan kimanin kilomita 42 zuwa sansanin Wikki, inda ruwan ɗumin nan mai zafin digiri 31 yake. Hanyoyin cikin dajin ba a shigarsu sai da ɗan jagora na ma'aikatan wurin, don haka a tuntuɓe su tun da wuri a ji ƙa'idar shiga da motocin kai. Masu son rairayi zalla su kan nufi tuddan Tulo-Tulo a ƙaramar hukumar Yusufari ta jihar Yobe, amma wannan tafiya ce ta kwana, kuma ta waɗanda hannunsu ya riga ya faɗa.

Ko ina aka zaɓa, motoci biyu su je leƙen hanya mako guda kafin ranar. Su buɗe manhajar taswira irin OsmAnd ko Google Maps da aka sauke taswirar yankin a cikinta, su ajiye layin da suka bi, domin GPS na waya yana aiki ko babu sabis. Su rubuta inda sabis ke ɗaukewa, gidan mai na ƙarshe, asibiti mafi kusa, da wata hanyar fita idan korama ta hana wucewa.

Kada a auna tafiyar daji da kilomita kamar ta kwalta. Ayarin motoci a hanyar amalanke da ƙyar yake wuce kilomita 15 zuwa 25 a awa guda idan aka haɗa da tsaye-tsaye. Kilomita 60 zuwa 80 a cikin daji sun ishi yini, da sallar azahar da cin abinci da awa biyu da aka ware don motar da za ta kafe. A sa lokacin juyawa, misali ƙarfe biyu da rabi, kuma in ya yi a juya ko ba a kai inda aka nufa ba.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa: ruwa ya ɗauke, zafin bazara bai sauko ba. Agusta ba na masu koyo ba ne.

Wace mota za ta shiga ayari

Ba kowace jif ce ta daji ba. RAV4 da Highlander da CR-V ba su da ƙaramar giya, cikinsu kuma yana kusa da ƙasa; za su iya hanyar burji, amma rairayi mai zurfi da kwazazzabo za su wahalar da su, su wahalar da kowa. Motar da ake so ita ce mai ogzilari na gaske, wato mai L4, ƙaramar giyar da ke ja da taya huɗu a hankali da ƙarfi. Ko ita ma sai an gwada. Akwai motocin da aka cire musu farfelar gaba tun wani gyara da aka yi a baya, mai ita bai sani ba, akwai kuma waɗanda injin sa giyar ya daskare saboda an shekara ba a taɓa shi ba. Kowa ya kai motarsa filin rairayi kwana biyu kafin tafiya, ya sa H4, wato ja da taya huɗu a babbar giya, da L4, wani ya tsaya a waje ya tabbatar tayoyin gaba suna ja.

A gareji a duba baƙin mai, ruwan lagireto da tiyoyinsa, fambel, man birki, man giya da na aksil, da robobin da ke rufe mahaɗar aksil ɗin gaba, don in sun yage yashi zai shiga ya cinye ƙarfen. A ɗaure batir tamau. Gargada tana girgiza shi har kan ya taɓa bonet. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, safaya ma haka. A karanta lambobi huɗu na ƙarshe a jikin tayar: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko wadda gefenta ya fara tsattsagewa, ba za ta jure ragin iska ba ko da zanenta bai cinye ba.

Kayan da za a ɗauka

Kowace mota ta zo da gejin auna iska nata, shebur mai dogon ƙota, jak da sifanar taya, katako mai kauri kamar santimita 5 da faɗin santimita 30 da za a ɗora jak a kai, na'urar kashe gobara a inda hannu zai kai, tocila, da ruwan sha aƙalla lita 5 ga kowane mutum, da wata jarka ta lita 20 saboda lagireto da alwala. Ayarin gaba ɗaya yana buƙatar famfon iska mai aiki da batirin mota guda biyu, kayan facin tubles, wayar jona batir, fis-fis, adda, akwatin magani, allunan da ake shimfiɗa wa taya a rairayi, da igiyar fizga guda biyu da shakul ɗinsu, wato lanƙwasasshen ƙarfe mai ƙusa da ake haɗa igiya da mota da shi.

Igiyar fizga ta nailan ce mai miƙewa, tsawonta yawanci mita 9. Wadda aka rubuta wa kilo 8,000 ta dace da Hilux da Prado, domin ƙa'idar ita ce ƙarfinta ya ninka nauyin motar da ta fi rashin nauyi, tsakanin mai ja da wadda ta kafe, sau biyu zuwa uku. Wadda ta wuce haka da yawa ba ta miƙewa, sai ta zama kamar sarƙa. Shakul kuwa a sayi mai rubutun tan 3.25 ko 4.75 a jikinsa. Wanda babu rubutu a bar shi a kasuwa.

Mai: a cika tanki a gidan mai na ƙarshe. Rairayi da ƙaramar giya suna iya ƙara shan mai da rabi ko fiye. A raba tankin uku a zuci, kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa a ɗaure, ba a kan rufi ba, don nauyin sama shi ke kifar da mota a karkace.

Tsarin ayari

Motoci biyar zuwa takwas sun isa. Idan sun fi haka a raba su gida biyu. Madugu yana gaba da taswira da ɗan jagora ɗan yankin. Motar ƙarshe ta zama ta ƙwararren direba, da makaniki da igiya da famfo a cikinta. Sababbin hannu da motocin da ba su da ƙarfi su shiga tsakiya, kusa da gaba.

Doka guda ce ke riƙe ayari: kowane direba shi ke da alhakin motar da ke bayansa. A kowace mararraba ka tsaya har sai ka ga na bayanka ya iso ya ga inda ka karya, sannan ka wuce. In ka daina ganinsa a madubi, ka tsaya. Ta haka tsayuwar mota ɗaya za ta kai ga madugu ko babu wanda ya yi magana. Oba-oba a motar gaba da ta ƙarshe yana sauƙaƙa aiki ƙwarai, in an samu a kowace mota ya fi. Ba a wuce juna. A kunna fitilu ko da rana. A ƙura a ba da tazara har sai hanya ta washe, musamman lokacin hunturu da hazo ya riga ya rage gani. A wuri mai wuya, hawa ko ruwa ko taɓo, mota ɗaya ce ke shiga; ta gaba ta fita ta ba da wuri, sannan ta baya ta taso.

A faɗi duk wannan a bakin mota kafin a tashi, minti goma, kowa yana ji, har da fasinjoji.

Inda kwalta ta ƙare: iska da giya

A nan ake tsayawa, kuma wannan tsayuwar ta fi kowace muhimmanci. Masu faci kan cika taya har 40 ko 45 a ma'aunin psi. Taya mai irin wannan tauri a rairayi tona rami take yi, a kan dutse ta yi tsalle, a gargada ta kwance duk wani noti da ke jikin mota. Idan aka rage iska, sawun tayar a ƙasa yana ƙara tsawo, nauyin ya bazu, motar ta hau kan rairayi maimakon ta nutse.

A hanyar burji da tsakuwa a sauko zuwa 26 ko 28. A duwatsu da taɓo, 22 zuwa 24. A rairayi mai laushi, 16 zuwa 18, wato kusan 1.1 zuwa 1.2 a ma'aunin bar ga masu gejin da ake aiki da shi a Nijar. Motar da ta yi lodi ta bar tayoyin baya da ƙarin 2 ko 3. Idan an riga an kafe ana iya sauka har 12 don a fita kawai, sannan a ƙara. A auna da geji, kada a yi da ido, don tayar zamani ba ta nuna ragin iska sai ya yi yawa.

Ragin iska yana da farashinsa. Gefen taya yana lanƙwasa yana ɗaukar zafi, saboda haka a kan 18 kada a wuce kilomita 40 a awa. Kwana mai kaifi da gudu na iya zare tayar daga rim. Kuma gefen da ya bultso shi kututture ke nema. A gonakin da aka sare, kututturen da ya ɓuya a ciyawa ya fi ƙayar aduwa da ta bagaruwa ɓarna, domin hujin ƙaya a tafin taya ana toshe shi cikin minti goma, yagewar gefe kuwa ba ta da faci.

Sai giya. Hilux da Land Cruiser 70 suna tafiya da tayoyin baya kawai a H2. A sa H4 da zarar an sauka daga kwalta, tun ba a ga matsala ba. Idan motar tana da makullan hannu a cibiyar tayoyin gaba, a sauka a murɗa duka biyun daga FREE zuwa LOCK. Wanda ya manta zai ga fitilar ta kama a gabansa, amma tayoyin gaba ba sa ja. L4 kuwa sai an tsaya cak, a taka kuloci, ko a sa otomatik a firi, sannan a sa. Prado da manyan Land Cruiser suna ja da huɗu koyaushe. Nasu aikin shi ne danna makullin tsakiya, wanda ke tilasta wa tayoyin gaba da na baya juyawa tare, idan an shiga rairayi ko taɓo. Makullin aksil na baya, ga mai shi, na tafiyar ƙafa ne a miƙe, a cire shi da an fita.

Abin da ke kashe kuɗi shi ne barin H4 a irin su Hilux, ko makullin tsakiya a irin su Prado, a kan kwalta. A kwana tayoyin gaba suna yin tafiya fiye da na baya. A ƙasa mai santsi bambancin yana sulɓewa, a kwalta kuwa ba shi da mafita, sai ya murɗe farfela da akwatin giya har wani abu ya karye. In giyar ta ƙi fita, a yi ribas na 'yan mitoci a miƙe, za ta saki.

Manyan yatsu su zauna a wajen sitiyari. Idan taya ta bugi dutse sitiyarin yana fizgewa, ya karya yatsan da ke ciki.

Rairayi

Giya ta biyu ko ta uku a L4, ko ta biyu a H4 in rairayin bai yi zurfi ba. A taka totur daidai wa daida, kada a canza giya a tsakiyar wuri mai laushi, domin daƙiƙar da aka taka kuloci ta isa motar ta tsaya. Mai otomatik ya riƙe giyar da hannu, ya fi amfani da L4 don kada man giya ya yi zafi, ya kuma kashe na'urar hana zamewa, wadda ke yanke wa inji ƙarfi daidai lokacin da ake buƙatarsa. A bi sawun motar gaba, ya riga ya danne. Kwana a yi ta da faɗi. In za a tsaya a ɗaga ƙafa motar ta tsaya da kanta, a wuri mai tauri ko hanci na kallon gangara. Birki mai ƙarfi yana tara tudun yashi a gaban taya. Da safe rairayi ya fi riƙe mota, da rana tsaka ya fi laushi. Busasshen gulbi yana da tarko: samansa fari fat, amma kusa da gaɓa da inda masu tonon yashi ko masu rijiyar lambu suka yi aiki, ƙasansa jiƙe yake.

Taɓo da fadama

Fadama tana yaudara har cikin Disamba. Samanta ya bushe ya tsattsage, ƙasanta laka ce zalla. A sauka a soka sanda. In ta shige fiye da kamu ɗaya ba wuya, a kewaye. Idan dole ne a bi, giya ta biyu a L4, gudu madaidaici, a riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan don gefen zanen taya ya sami abin kamawa. A lura da zurfin sawun da manyan motoci ko tarakta suka bari: in tudun tsakiya ya fi tsayin cikin motarka, za ta zauna a kansa tayoyi suna juyawa a iska. Sai a ɗora taya ɗaya a kan tudun, ɗaya a gefe.

Ƙetare ruwa

Mutum ya fara shiga da ƙafa da sanda, ya bi layin tayar dama ya dawo ta layin hagu, yana neman rami da dutse, ya kuma duba gaɓar fita. Ruwan da ke ture mutum a tsaye zai ture mota. Sabuwar Hilux an ƙayyade mata zurfin santimita 70, tsofaffi ƙasa da haka. Ga ayarin da ke da masu koyo, ruwan da ya wuce gwiwa a haƙura da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kafin shiga a dakata minti goma zuwa goma sha biyar ƙarfe ya huce. Aksil mai zafi da ya faɗa ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ta bututun numfashinsa. A ɗaura igiya a mota tun a gaɓa, a naɗe ta a inda hannu zai kai, a sauke gilasai, a kashe iyakwandishan. A shiga a hankali da giya ta biyu a L4, a riƙe gudu ɗaya wanda zai tura ɗan tudun ruwa a gaban bamba, kada a taɓa kuloci. Shiga da gudu yana watsa ruwa cikin injin, ya kuma lanƙwasa fanka ta yanki lagireto.

Idan injin ya mutu a cikin ruwa, kada a murɗa makulli. Ruwa ba ya matsuwa. In ya shiga ta filtar iska ya kai kan fistin, tayarwa ɗaya ta isa ta lanƙwasa sandar fistin, injin ya tashi aiki. A jawo motar waje, a buɗe filtar. In ta jiƙe, sai makaniki ya cire fulogi ko nozul ya fitar da ruwan. Bayan an fita lafiya kuwa, a ɗan taka birki ana tafiya har ya bushe ya dawo kamawa.

Hawa da gangara

A miƙe ake hawa, a miƙe ake sauka. Ratsa tudu a karkace shi ne hanyar kifewa. Hawa da giya ta biyu a L4, a sassauta totur dab da ƙololuwa tunda ba a ganin abin da ke bayanta. Sauka da giya ta ɗaya a L4, ƙafa nesa da kuloci, injin ya riƙe motar, birki kaɗan-kaɗan.

In mota ta kasa hawa, kada a yi yunƙurin juyawa. Mai manuwal ya danne birki ya bar injin ya mutu a giya, ya ja hambirki, ya taka kuloci ya sa ribas, ya saki kuloci, ya sauke hambirki, ya ɗaga ƙafa daga birki a hankali har ya ji giya ta riƙe motar, ya duba baya, sannan ya tayar da ita a giyar, ta sauko da kanta. Motar da ba ta tashi sai an taka kuloci, a tayar da ita ƙafa na kan birki, a saki kuloci da birki tare a hankali. A gwada wannan a ƙaramin tudu kafin ranar da za a buƙace shi. A kwazazzabo da duwatsu mutum ɗaya tak ne zai tsaya a gaba yana nuni da hannu. Sauran su yi shiru.

Idan mota ta kafe

Da ka ji tayoyi suna juyawa mota ba ta gaba, ɗaga ƙafa. Kowane juyi bayan nan rami ne kake tonawa. Gwada ribas a hankali a kan sawunka. In ta ƙi, sauka ka duba: an kulle cibiyar gaba, ogzilari ya shiga, nawa ne iskar? Sau da yawa ragewa zuwa 12 ko 14 kaɗai ke fitar da ita. Sai shebur: a kwashe ƙasa daga gaban tayoyi huɗu a yi musu gangara mai sauƙi, a kuma kwashe ta ƙarƙashin aksil da shasi har a ga haske ta ɗaya gefen. A cusa alluna ko rassan itace a ƙarƙashin taya, a tashi a hankali. In cikin motar ya zauna daram, a ɗaga ta da jak a kan katako, a cika ramin, a sauke. Ba mai shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak.

Igiya ita ce mataki na ƙarshe, kuma a nan ake rasa rai. Igiyar da ta miƙe tana ɗauke da ƙarfin da zai harba duk ƙarfen da ya ɓalle ta cikin gilashi. Saboda haka ba a maƙala ta a ƙwallon jan tirela, ko bamba, ko siririyar ƙugiyar da ake ɗaure mota da ita a jirgin ruwa. Sai a wurin ja mai kauri da aka ɗaure a shasi da manyan notuna. Ba a haɗa igiya biyu da shakul. Ba a fizga da sarƙa ko wayar ƙarfe. A ɗaure ƙusar shakul har ƙarshe sannan a sassauta ta kaɗan don kada ta cije. A shimfiɗa igiyar ba murɗi, a bar sako-sako kamar mita 2, a rataya bargo ko buhu mai ɗan nauyi a tsakiyarta don ya kwantar da ita in ta tsinke. Kowa ya ja baya a gefe, nisan da ya kai tsawon igiyar sau ɗaya da rabi. Wannan ya haɗa da yaran ƙauye, waɗanda za su taru kafin a ankara. A wakilta mutum guda aikinsa kenan.

Motocin biyu su daidaita a layi ɗaya. Mutum ɗaya ke ba da alama. Mai ja ya tashi da giya ta biyu a L4 da saurin da bai wuce sassarfa ba, wanda ya kafe ya taimaka da totur kaɗan. In sau biyu ko uku ba ta fito ba, a koma ga shebur, kada a ƙara gudu. Laka tana tsotse mota, sai an tona an ba iska hanya.

Ciyawa, gonaki da mutanen hanya

Da kaka, busasshiyar ciyawa tana naɗewa a jikin salansa da farfela, zafin salansa kuma ya isa ya kunna ta. A duk tsayuwa a leƙa ƙarƙashi a zare ta da waya mai lanƙwasa, kada a yi fakin a kan doguwar ciyawa. 'Ya'yan ciyawa suna toshe lagireto. In allurar zafi ta fara hawa, nan za a fara dubawa, kuma ba a buɗe murfin lagireto da zafinsa.

Hanyar daji ta masu ita ce. Ba a taka gona, ko an girbe, don harawa da karan da aka bari dukiya ne. Ba a buɗe sabuwar hanya don kauce wa rami in hakan zai ci kunyar wani. A cikin gari a yi tafiyar ƙafa saboda yara da awaki da ƙurar da ke sauka kan shanyar mata. Garken shanu a burtali a tsaya ya wuce, ba hon. Madugu ya sauka ya yi sallama, ya gaida mai unguwa da dattawan da ke ƙofar masallaci: “Baba, barka da hutawa, baƙi ne masu wucewa, ya hanyar gaba take?” Su suka san inda ruwa ya cinye hanya a daminar bana. In an ɓata musu mashigi wajen tono, a gyara kafin a tafi, waɗanda suka taya turi kuma a sallame su da mutunci. Leda da robar ruwa su koma cikin mota. A Yankari kada a bar abinci a fili ko gilashi a buɗe, birai sun saba da baƙi. In an haɗu da giwaye a tsaya nesa a bi umarnin ɗan jagora.

Masu tono da ɗebo itace su sa takalmi rufaffe, su duba kafin su sa hannu ƙarƙashin dutse ko kututture. Kububuwa ta yi yawa a yankin Gombe da Bauchi da Taraba, dafinta kuma hana jini daskarewa yake yi. In ta sari mutum, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa, ba asfirin. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi a mota zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Akwai asibitin da ya keɓanta da wannan a Kaltungo. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra 122, in an fito inda sabis yake.

Dawowa

A bakin kwalta a sake tsayawa. A mayar da giya H2, a buɗe makullan gaba, a hura kowace taya zuwa adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Ƙaramin famfo yana cin mintuna a kowace taya, shi ya sa ake zuwa da biyu. Wanda ya ce zai lallaɓa zuwa wurin mai faci a kan 18 ya yi tafiyar da ba ta wuce kilomita 40 a awa ba. A ƙirga motoci da mutane kafin a rabu, a kira dagacin da 'yan sandan a ce an fito lafiya.

Washegari a wanke ƙarƙashin mota da ruwa mai ƙarfi. Lakar da ta bushe a cikin rim tana sa sitiyari rawa a kan titi, wadda ta maƙale a birki kuma tana cinye shi. A kakkaɓe filtar iska ko a canza ta, a bi gefen tayoyi ciki da waje ana neman yanka ko ƙulli, a sake ɗaure notunan taya. Motar da ta shiga ruwa a buɗe man aksil da na giya a gani: in ya koma fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, a zubar a zuba sabo a ranar. Igiyar fizga a wanke ta da ruwa zalla, a shanya a inuwa, a bi ɗinkinta da ido. Wadda zarenta ya fara tsinkewa a yanka ta gida biyu don kada wani ya sake ɗaukarta.